Yarjejeniyar Faransa da Birtaniya ta 1860: sunan wanda bai sa hannu ba ne ya bi ta

A ranar 23 ga watan Janairun 1860 ne Faransa da Birtaniya suka ƙulla wata yarjejeniyar kasuwanci a birnin Paris, wadda har yau littattafan tarihi ke kira yarjejeniyar Cobden da Chevalier. Sai dai duk wanda ya duba takardar ba zai tarar da sa hannun Michel Chevalier ba.

Mutum huɗu ne suka rattaba hannu: Richard Cobden da jakadan Birtaniya a Paris, Lord Cowley, sai ministoci biyu na Faransa, Jules Baroche da Eugène Rouher. Shi Chevalier masanin tattalin arziki ne. A 1859 ya je Ingila ya gana da Cobden da ministan kuɗi William Gladstone, ya share fagen tattaunawar da aka yi a asirce. Wannan aikin ne ya sa sunansa ya manne wa yarjejeniyar.

Dalilin ɓoye maganar kuwa shi ne masu masaƙu da masana'antun ƙarfe na Faransa, waɗanda ke tsoron kayan Ingila masu araha. Sarki Napoleon na Uku ya yi amfani da ikonsa na ƙulla yarjejeniyar kasuwanci ba tare da neman yardar majalisa ba, abin da masu adawa suka kwatanta da juyin mulki.

Akwai gyara kuma a wani laƙabin da ake yi mata, na yarjejeniyar cinikayya maras shinge. Birtaniya ta soke haraji a kan akasarin kayan masana'antun Faransa, ta rage na giya. Faransa kuwa haramcin shigo da wasu kayan Birtaniya ta ɗage, ta maye gurbinsa da harajin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, wanda aka tsara zai sauka zuwa kashi 25 a 1864. Ke nan shingen kwastan bai faɗi ba, rage masa tsawo aka yi.

Abin da ya fi daɗewa daga cikinta shi ne sharaɗin cewa duk rangwamen harajin da ɗayansu ta yi wa wata ƙasa, dole ta yi wa ɗayar. Faransa ta ƙulla irinta da Beljiyam a 1861, da Farusiya a 1862. Ita Faransar ta koma kare kasuwarta da harajin Méline na 1892, amma sharaɗin na nan a dokokin Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda Nijar ke cikinta.