Jarumi Biyu a Fuska Ɗaya: Nazarin Tauraro Worf da Ɗan Wasa Michael Dorn

1.0 Gabatarwa

A Hausar masu shirya fim, kalmar "jarumi" tana nufin ɗan wasan da ke jan ragamar labari, alhali ma'anarta ta asali ita ce namijin da ba ya gudu a fagen fama. Wannan maƙala ta dubi inda ma'anonin biyu suka haɗu, wato a kan Worf, mayaƙi daga wata duniya a shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek, da Michael Dorn wanda ya fito a matsayinsa. Manufar ita ce a nuna cewa jarumtar Worf ta ginu ne a kan baƙunta, kuma salon wasan Dorn ne ya fito da hakan fili.

2.0 Asalin Tauraron

Worf ɗan ƙabilar Klingon ne, ƙagaggiyar al'ummar da marubuci Gene L. Coon ya shigo da ita shirin a 1967. A lokacin abokan gaba ne, kuma manazarta da dama na kallonsu a matsayin inuwar Tarayyar Sobiyet a zamanin yaƙin cacar baka. Da aka fara Star Trek: The Next Generation a 1987, sai ga ɗan Klingon sanye da kakin rundunar Starfleet. Maƙiyin jiya ya zama abokin aiki.

A cikin labarin, Worf maraya ne. An kashe iyayensa a harin Khitomer, sai wasu 'yan Adam, Sergey da Helena Rozhenko, suka rene shi. Saboda haka daga nesa ya koyi al'adun kakanninsa, ya riƙe su da tsanani fiye da waɗanda suka tashi a cikinsu. Kashi mai taken Sins of the Father na 1990 ya bayyana wannan jigo. Majalisar mulkin Klingon ta ɗora wa mahaifinsa laifin cin amana domin rufa asirin wani gida mai ƙarfi, Worf kuma ya amince a zubar masa da mutunci don kada yaƙin basasa ya ɓarke. Baƙon ne ya kiyaye amanar da 'yan gida suka tozarta.

3.0 Gudummawar Ɗan Wasan

An haifi Dorn a jihar Texas a 1952. Da farko matsayin Worf ƙarami ne, sai da Denise Crosby ta bar shirin a 1988 aka mayar da shi shugaban tsaron jirgin Enterprise. Goshin roba da ake liƙa masa ya rufe rabin fuskarsa, don haka ya dogara ga kakkaurar murya, da kallo, da miƙewar tsayuwa. Ya taƙaita murmushi da motsi, har kamewar ta zama alamar mutumin da kullum yake tsoron a ce bai cika ɗan ƙabilarsa ba. Ya ci gaba da matsayin a Deep Space Nine daga 1995 zuwa 1999, da finafinai huɗu tsakanin 1994 da 2002, sannan a Picard a 2023.

4.0 Kammalawa

Akwai abin dubawa a nan. Dorn baƙar fata ne, kamar Christopher Judge da ya fito a matsayin mayaƙi Teal'c a Stargate SG-1 daga 1997 zuwa 2007. Ana iya fassara maimaituwar wannan zaɓi da tsohuwar ɗabi'ar jingina zafin kai da ƙarfin jiki ga baƙar fata. Sai dai Dorn ya karkata tauraron daga nuna ƙarfi zuwa haƙuri da riƙon amana. Wannan ya nuna wa mai nazarin wasan kwaikwayo cewa rubutu kaɗai ba ya gina tauraro, dole ne a auna abin da ɗan wasa ya ƙara masa.