Kaduna: Daga Birnin Masaƙu Zuwa Kasuwar Yadin Waje

Lokacin da Gwamna Lugga ya dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, gari ne na ma'aikatan gwamnati, soja da jirgin ƙasa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne ya ɗora shi kan turbar masana'antu, yayin da gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957. Daga bisani Nortex, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980.

Abin lura shi ne, masaƙun nan ba Kaduna kaɗai suke ciyarwa ba. Audugar da manomin Funtuwa ko Gusau ya noma, ita ake gurzawa a saƙa a Kakuri, a rina, ta isa Kantin Kwari a matsayin atamfa. Haka nan Bahaushe, Bajju, Tibi da Igala sun yi aiki a inuwa guda, ƙungiyar ƙwadago ɗaya take magana da yawunsu.

To, ruwa ba ya tsami banza. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga kuma na Sin da 'yan fasa-ƙwauri ke kwararowa ta kan iyaka. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007.

Ba a ce garin ya mutu ba. An samu jami'ar jiha a 2004, jirgin ƙasan Abuja a 2016, kamfanin abincin kaji na Olam a 2017, da tashar sauke kaya ta kan tudu a 2018. Sai dai galibin sabuwar hada-hadar ta saye da sayarwa ce, ba ta ƙira ba, kuma ba ta ɗaukar dubban ma'aikata a lokaci guda kamar yadda masaƙa take yi.

Saboda haka, duk gwamnatin da za ta yi alkawarin farfaɗo da Kakuri, a fara tambayar ta batun wuta, irin auduga da tsaron iyaka. Muddin ba a gyara waɗannan ba, sabon fenti kawai za a shafa wa kango. Magabata dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.