Numfashi A Hankali Yana Kwantar Da Zuciya

Kowa ya san yadda gaba ke faɗuwa in tsoro ko fushi ya zo. A lokacin nan jiki yakan saki wani sinadari, adirenalin, sai zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. In abin ya zama na kullum, lalle zuciya takan wahala.

Tun zamanin da mutanen Indiya suna da wani horon jiki da suke kira yoga, a cikinsa kuwa akwai sarrafa numfashi, watau pranayama. A 1961 masana suka ba da labarin gwajin da suka yi wa waɗansu masu yoga da ke cewa suna iya tsayar da zuciyarsu, aka tarar ba ta tsayawa. Amma a 1975, a Ingila, Likita Chandra Patel ta nuna masu hawan jini da aka koya wa yoga da sakin jiki, jininsu ya sauka. Sa'an nan a 2001 Luciano Bernardi na Italiya ya nuna numfashi shida a minti ɗaya yana ƙarfafa yadda jiki ke daidaita hawan jini da kansa. Dalili kuwa, in mutum ya saki numfashi sannu sannu, wata jijiya daga ƙwaƙwalwa takan rage bugun zuciya.

To, jama'a, shawararmu ita ce, in rai ya ɓaci, a zauna a numfasa a hankali. Amma mai hawan jini kada ya kuskura ya bar maganin likita saboda wannan.