Gardamar Hular Kwano

Kowane yaro ya san keke. Da shi malami ke zuwa makaranta, da shi manomi ke kai buhun gero kasuwa. Ba ya shan mai, ba ya cin dusa, abin da ya ke nema sai ƙarfin ƙafa. Amma keke ƙafa biyu gare shi, ba ya tsayawa da kansa, ba shi kuma da rufi kamar mota. Don haka in mahayi ya faɗi, jikinsa ke fara isa ƙasa.

Wanda ya kuje gwiwa ya kan warke cikin 'yan kwanaki. Wanda ya karye a hannu a kan yi masa ɗori. Rauni a kai shi ne abin tsoro, domin can ƙwaƙwalwa ta ke. Ita ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune cikin ƙoƙon kai da ɗan ruwa kewaye da ita. In kai ya bugi kwalta da ƙarfi, ƙoƙon ya kan tsaya nan take, ita kuwa ta wuce ta bugi ƙashi daga ciki. Daga nan mutum ya kan suma, wani ya rasa magana ko tunani, wani ma ya rasa ransa.

Saboda wannan aka ƙera hular kwano ta masu keke. Bayanta roba ce mai santsi. Cikinta kuwa wani farin abu ne marar nauyi, irin wanda a ke tarar da shi cikin kwalin sabuwar rediyo. Kun ga yadda mai tukwane ke shimfiɗa ciyawa tsakanin tukwanensa in zai kai su kasuwa? To, aikin ke nan. In kai ya bugu, farin abin nan ya kan lotse, ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ƙoƙon kai. Ba kowane abin da aka kifa a ka ke yin wannan aiki ba. A shekara ta 2009, da aka tilasta wa masu babur sa hular kwano a Nijeriya, an ga wasu sun kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu. Ƙwarya kuwa fashewa ta ke yi, ba ta shanye kome.

Watakila ku ce, ai abu mai amfani haka ba wanda zai yi gardama a kansa. Amma shekaru da yawa ke nan masu keke a Turai da Ostareliya suna ta muhawara. Bari mu ji bakin kowane ɓangare.

Masu son hula su kan ce rigakafi ya fi magani. Suna da misalai daga tseren keke. A shekara ta 1995 wani ɗan Italiya mai suna Fabio Casartelli ya faɗi a gangaren dutse cikin babban tseren Faransa, ba hula a kansa, ya mutu. A 2003 kuma Andrei Kivilev, ɗan Kazakistan, ya faɗi a wani tseren a Faransa, shi ma ba hula, ya mutu. A shekarar nan hukumar tseren keke ta duniya ta sa doka cewa 'yan tsere su riƙa sa hula. Suna kuma da lissafi. A 2016 wasu malamai biyu na wata jami'a a Ostareliya sun tattara bincike 40 da aka yi a kan masu keke fiye da 64,000 da suka yi haɗari. Suka tarar hula tana rage raunin kai da wajen rabi, mummunan rauni kuwa da wajen kashi biyu cikin uku.

Ɗaya ɓangaren ba su musa wannan duka ba, amma suna da dalilai uku.

Na farko, su kan ce ƙarfin hula yana da iyaka. A Turai, in za a gwada ta, a kan sako ta ne daga tsawon wajen mita ɗaya da rabi, watau kamar faɗuwar mutum daga kan kekensa. In babbar mota ce ta kwashe mahayi da gudu, bugun ya fi ƙarfin hula, ga shi kuma ba ta rufe ƙirji da baya.

Na biyu, su kan ce hula tana iya sa mutane sakaci. Mahayi ya ga kansa a rufe, sai ya ƙara gudu. Direba ya gan shi da hula, sai ya ɗauka gwani ne, ya matso kusa da shi. A 2006 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, sunansa Ian Walker, ya ɗaura na'urar awo a kekensa, ya auna tazarar motoci fiye da 2,000 da suka wuce shi. Ya tarar in yana sanye da hula, motoci su kan matso da wajen santimita takwas da rabi, kamar tsawon yatsan babban mutum. Daga baya wasu masana suka sake duba lissafinsa, suka ce bambancin bai kai ya jawo haɗari ba. Wannan ma ya zama wata gardamar.

Na uku, kuma shi ne babba, su kan ce tilastawa tana korar mutane daga keke. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta sa dokar hula a 1990, sauran jihohin ƙasar suka bi ta, Niyu Zilan ma ta bi a 1994. Raunin kai ya ragu, amma ƙidayar da aka yi a wasu birane ta nuna masu hawan ma sun ragu, musamman samari. Wani ba shi da kuɗin hula, wani zafinta ya dame shi, wani kunya ya ke ji. Hawan keke kuwa motsa jiki ne mai ƙarfafa zuciya. Ban da haka, inda masu keke suka yi yawa direbobi su kan saba da su, su riƙa lura. In sun yi kaɗan, sai a manta da su a hanya.

Mutanen wannan ɓangare su kan nuna ƙasar Holan. A can kekuna sun fi mutane yawa, ba dokar hula, masu sa ta kuma kaɗan ne. Duk da haka, in an auna da nisan tafiyar da su ke yi, haɗarinsu bai kai na yawancin ƙasashe ba. Da can ba haka abin ya ke ba. A 1971 mutane wajen 3,300 suka mutu a hanyoyin Holan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito tituna suna kukan a daina kashe musu 'ya'ya. Sannu a hankali aka gina wa keke hanyarsa dabam da ta mota, aka kuma rage gudun motoci a cikin unguwanni.

To, wa ke da gaskiya? In kun lura da kyau, tambaya biyu ce aka haɗa wuri guda. Ɓangaren farko suna tambaya, in na faɗi, me zai tsare kaina? Amsa ita ce hula. Na biyu suna tambaya, me zai sa mutane su daina faɗuwa, mota kuma ta daina kaɗe su? Amsa ita ce hanya mai kyau, da direba mai hankali, da mahayi mai lura. Wasu ƙasashe sun bi tsakiya. Faransa, tun 2017, yara 'yan ƙasa da shekara 12 ta tilasta wa hula, manya kuwa ta bar musu zaɓi.

Ku yara, a yawancin garuruwanmu keke da babur da mota hanya ɗaya su ke bi. Don haka wanda ya sami hula ya sa ta. Ta zauna daidai a kai, tazarar yatsa biyu bisa gira, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, sai a nemi wata. Da hula ko ba hula, ku duba birki kafin ku hau. Ku bi hannun dama, ku miƙa hannu kafin ku juya. Ku tattare riga kada kaca ta kama ta. Kada ku yi goyon biyu, kada ku kama bayan mota, kada kuma ku fita da dare ba fitila. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa raunin kai ya fi na gwiwa haɗari?
2. Yaya hular kwano ke tsare kai?
3. Kawo dalilai uku na waɗanda ba su son a tilasta hula.
4. Me mutanen Holan suka yi don su rage haɗari?
5. Rubuta abubuwa huɗu da mai keke zai kiyaye a hanya.