Rabon gado: Abin da ke tsakanin magada da dukiyar da aka bar musu

Da zarar an gama zaman makoki, 'yan gaisuwa sun watse, iyalan mamaci kan fuskanci wata tambaya da ba kasafai suke da shirinta ba: ta yaya za a tattara abin da ya bari? Da yawa sukan ɗauka cewa takardar shaidar rasuwa da katin shaidar babban ɗa sun isa a buɗe musu asusun banki. Sai sun je gaban ma'aikacin banki suke jin cewa an dakatar da asusun, kuma ba za a saki ko kwabo ba sai da takardar kotu.

Babban abin da ke haddasa wannan ruɗani shi ne gurbin nan na "dangi mafi kusa" da ake cikewa a lokacin buɗe asusu ko kama aiki. Mutane da dama sun ɗauka wanda aka rubuta sunansa a wurin shi ne magaji. A dokar Najeriya ba haka ba ne. Mutum ne kawai da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Sunansa a takardar bai ba shi ikon cire kuɗi ba, bai kuma hana sauran magada haƙƙinsu ba. Haka nan, ɗaukar katin cire kuɗi na mamaci a ci gaba da amfani da shi, ko da da niyyar ciyar da marayu ne, taɓa dukiyar magada ne ba da izini ba, kuma yana iya kai mutum gaban alƙali.

Ga Musulmi, lissafin rabon kansa ba shi ne mai wuya ba. Shari'a ta tsara cewa a fara fitar da kuɗin jana'iza, sannan a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba kuma ba a yi ta ga mai gado ba, sai a raba abin da ya rage. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mahaifiya da mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mace 1, kuma bayan an biya bashi naira miliyan 24 ta rage. Matar za ta karɓi tumuni, wato miliyan 3; mahaifiyar ta karɓi sudusi, miliyan 4; sauran miliyan 17 a kasa su gida 5, kowane namiji ya sami miliyan 6.8, macen ta sami miliyan 3.4. Malamin da ya san ilimin gado zai gama wannan kafin shayi ya huce.

Wahalar tana wajen tabbatar da cewa miliyan 24 ɗin nan ta zo hannu. Dukiyar mutumin yau ba shanu da gona da rumbu kaɗai ba ce, waɗanda kowa a unguwa ya san da su. Tana warwatse ne a bankuna, da asusun fansho, da hannun jari, da filayen da takardunsu ke ofishin gwamnati, kuma kowace daga cikin waɗannan hukumomi sai ta ga hatimin kotu kafin ta saki abin da ke hannunta.

Idan mamaci ya bar rubutacciyar wasiyya, wasiyyan da ya naɗa su ne za su je sashen kula da wasiyya da gado na Babbar Kotun jiha domin a tabbatar da ita. Idan bai bar wasiyya ba, kamar yadda aka fi gani, iyalansa za su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci. A bisa al'ada ana ba mutum 2 zuwa 4 wannan izini. Za su kawo shaidar rasuwa, su cike takardun da ke bayyana dukiyar, su kai wa kowane banki takarda ya rubuta abin da ke cikin asusun, su gabatar da mutanen da za su tsaya musu, sannan a buga sanarwa a jarida domin mai ja ya fito ya yi magana. Akwai kuma kuɗin da ake biyan gwamnati gwargwadon darajar dukiyar, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Legas yakan kai kashi 10 cikin 100. Dattawan Arewa ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin sun san ushirar da ake cirewa a kotunan alƙalai tun zamanin da.

Wanda aka ba wannan takarda ba mai dukiya ba ne, mai riƙon amana ne. Aikinsa ya tattara, ya biya bashi, ya miƙa wa kowa rabonsa, ya kuma iya ba da lissafi duk ranar da aka nema.

A jihohin Arewa da Babban Birnin Tarayya, kotunan shari'ar Musulunci da kotunan yanki su ne ke raba gadon Musulmi, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumi a kan wasiyya da kyauta da waƙafi da gado idan mamacin Musulmi ne. Sai dai Bahaushen da ya yi rayuwarsa a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal ba shi da irin wannan kotu a kusa. Idan ya rasu ya bar shago a Legas da gida a Kano, iyalansa za su sha zirga-zirga tsakanin tsari biyu, kuma takardar da Babbar Kotun wata jiha ta bayar sai an sake buga mata hatimi a ɗaya jihar kafin ta yi aiki a kan kadarar da ke can. A irin wannan hali ne lauya ke cin kuɗinsa da gumi: ya san kotun da ta dace, ya san takardar da kowace hukuma ke karɓa, ya kuma tabbatar ba a manta da wata kadara ba, domin wadda aka manta sai an koma kotu an nemi ƙari.

Batun wasiyya ma yana da tarko. A shekarar 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta amince da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa ƙa'idar rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara da Oyo, sun yi dokokin da suka taƙaita wannan 'yanci ga wanda shari'ar Musulunci ta hau kansa. Saboda haka mai son rubuta wasiyya yana buƙatar lauyan da ya san dokar jiharsa, da malamin da zai duba cewa ba a ƙetare haddi ba. Ga iyalan da ke bin al'ada kuwa, hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Ukeje ya soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, bisa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki.

Iyalan ma'aikata suna da ƙarin abin lura. Dokar fansho ta 2014 ta ce ba za a saki kuɗin da ke asusun ajiyar fansho na mamaci ba sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya, tare da amincewar hukumar PenCom. Dokar ta kuma wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. Zawarawa da yawa ba su ma san da wannan haƙƙi ba, balle su nema.

Ba kowane gado ne ke buƙatar lauya ba. Gona ɗaya da 'yan awaki, tsakanin magadan da ke ga maciji da juna ko waɗanda ke zaman lafiya, kotun yanki da dattawa sun isa su raba. Amma inda gida ne za a yi wa kuɗi, ya fi aminci a kira mai ƙiyasta kadara da ke da rajista, maimakon a dogara da dillalin da watakila shi ne ke son saye. Inda akwai marayu ƙanana kuma ba a yarda da kowa ba, akwai ofishin Babban Mai Kula da Dukiyar Mamata a ma'aikatun shari'a na jihohi, da kamfanonin riƙon amana masu rajista. Wanda ba shi da hali yana iya neman shawara a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa.

A harabar kotuna akwai 'yan-na-kama da ke yi wa masu makoki alƙawarin fito da takarda cikin mako guda. Lauya na gaskiya yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya a kan takardunsa. Ya kamata a yi yarjejeniyar kuɗin aikinsa a rubuce tun farko, a bambanta shi da kuɗin da za a biya kotu, a karɓi rasit, kuma kada a miƙa asalin takardun fili ba tare da shaidar karɓa ba.

Jinkiri yana da nasa farashin. Idan ɗaya daga cikin magada ya rasu kafin a raba, rabonsa ya zama sabon gado, lissafi ya ninka, masu haƙƙi suka ƙaru. Kuɗin banki ma ba ya jira har abada a inda aka bar shi: bisa ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da kuɗinsa wani asusun amana a Babban Bankin. Magada suna da damar nemansa, amma ta hannun bankin farko, kuma da waɗancan takardun kotu da aka ƙi nema tun da fari.