Giyar otomatik a Zangon Lome: maganganun da ake yi da abin da ya tabbata

A filayen sayar da motocin gwanjo da ke kusa da tashar jiragen ruwan Lome, da zarar mai saye ya leƙa cikin a-kori-kura ya ga babu kuloci, ɗan rakiyarsa zai ja shi gefe ya ce: "Alhaji, otomatik ce fa. Ba ta ɗaukar kaya, kuma ranar da ta tsaya sai dai a sayo wata giyar." Wannan magana ta yi ƙarfi a Agoè-Zongo, inda aka mayar da mutanen tsohon Zangon tsakiyar gari a 1977. Unguwa ce a bakin babbar hanya ta ɗaya, wadda ta ratsa Sokode da Kara har Sinkase a iyakar Burkina Faso, kuma mutane da yawa a cikinta da mota suke ci. Shi ya sa abin ke damuna, don maganar da ba daidai ba a nan kuɗi take ci, wani lokaci ma jarin mutum gaba ɗaya.

Batun cewa otomatik ba ta ɗaukar kaya ba gaskiya ba ne. Hilux mai otomatik, wadda giyarta ta kamfanin Aisin ce, tana ɗaukar kusan tan ɗaya kamar 'yar'uwarta mai giyar hannu. Inda maganar ta samo tushe shi ne zafi. Tsakanin inji da giyar otomatik akwai wani rufaffen kasko cike da mai, mai fuka-fukai a ciki, kuma ta cikin man ne ƙarfin inji ke wucewa zuwa tayoyi. Idan kaya sun wuce kima, mota na hawan tudu a hankali, man yana ta juyawa yana ɗaukar zafi. Wanda ya lafta mata tan biyu ya nufi tuddan Alejo da Defale da tsakar rana, ya bar ta tana sauya giya sama da ƙasa, shi ya dafa man da hannunsa. Maganin mai sauƙi ne. A sauko da ita zuwa ƙaramar giya a riƙe ta a nan har a gama hawa. In fitilar zafin man giya ta kama, a tsaya gefe, a sa P, a bar inji yana aiki har ta mutu.

Maganar da ta fi kowace yin ɓarna kuwa kala biyu ce, kuma kowace tana ƙarfafa 'yar'uwarta. Wasu sun ce man giyar otomatik ba a canza shi har abada, tunda sababbin motoci ko sandar gwada shi ba su da ita. Wasu kuma sun ce canza shi ne ma ke kashe giya, kuma kowa yana da labarin motar da aka yi wa juye ran Litinin ta kwanta ran Alhamis.

Ta farkon akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Kamfanoni da yawa sun cire sandar, kuma wasu littattafan mota ba su sa ranar canji ga mai tuƙin yau da kullum ba. Amma littattafan nan suna da wani shafi na aiki mai tsanani, wato jan kaya, ƙura, zafi da cunkoso. A littafin Toyota Tacoma na Amurka, motar da ke jan kaya ana canza mata man a mil 60,000, kusan kilomita 96,000. Kamfanin ZF na Jamus, wanda shi kansa maƙerin giya ne, ya taɓa ba da shawarar canji tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8. To wace a-kori-kura ce a Zango ba aiki mai tsanani take yi ba? Ga shi kuma yawancinsu sun iso tashar ne da dogon tarihi a bayansu wanda ba wanda ya gani.

Ta biyun ta fi wuyar warwarewa, don masu faɗarta ba ƙarya suke yi ba game da abin da suka gani. Motar ta kwanta bayan juye, haka ne. Abin tambaya shi ne me ya sa aka kai ta gareji tun farko. Kusan kullum sai giya ta fara jinkirin shiga, ko tana zamewa, ko tana bugawa, sannan ake tuna da mai. A lokacin faifan kulocin da ke cikin giyar kanta sun riga sun cinye, garinsu ya cika man, ya yi baƙi yana warin ƙuna. Wannan dattin kan ba faifan ɗan riƙo na ƙarshe, sabon mai ya zo ya wanke shi, sai raunin ya fito fili. Tamkar mara lafiyar da aka kai asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsa ne, aka ɗora wa allura laifi. Giya mai lafiya ba ta mutuwa saboda sabon mai daidai da ita. Abin da za a yi hattara da shi kawai shi ne wankin na'ura mai tura mai da ƙarfi a tsohuwar giyar da ba a san tarihinta ba. Gara a kwance ƙasa a zubar da abin da ya fito, lita 3 zuwa 4 daga cikin kusan 10, a cika, a yi 'yan makonni ana tafiya, a sake.

Na ce mai daidai da ita, kuma a nan ne ake yawan faɗawa rami. Ba duk jan mai ne ɗaya ba. Launin rini ne kawai. Toyota na da T-IV na tsofaffin giyoyi da WS na sababbi, kuma kaurinsu ya bambanta. Ford Ranger mai giya 6 Mercon LV take sha, giyar Ford mai hawa 10 da ta fito a F-150 ta 2017 kuma Mercon ULV. Jan man da aka ɗura a galan marar suna, ko wanda ake zuba wa sitiyari, ba abin sa wa waɗannan ba ne komai arharsa. Yawansa ma sai an auna shi mota na tsaye a kan shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, man ya kai zafin da littafi ya faɗa. Bakaniken da ya cika shi da ido a sanyaye ya bar ka da ƙari ko ragi, duka biyun kuma cuta ne.

Cewa ba a tura otomatik ta tashi, wannan gaskiya ne. Haka ma cewa ba a jan ta da igiya nesa, don famfon da ke zagaya da mai inji ne ke juya shi, in inji a kashe yake tayoyi na juya giya a bushe. A ɗora ta a kan mota, ko a cire sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Sa N a gangara don tsimin mai kuwa babu ribar komai a ciki, sai dai ka rasa riƙon inji ka bar birki shi kaɗai da nauyin kaya.

Mutanen Togblekope da kewaye sun san yadda kogin Zio ke ambaliya da damina. Giya tana da ɗan bututun numfashi a samanta, kuma idan mota mai zafi ta shiga ruwa mai zurfi tana iya zuƙo shi. Ruwa kaɗan ya isa ya saki mannen faifan kuloci. Man da ya koma kamar an dama shi da madara alama ce ta a tsaya nan take.

Akwai kuma masu cewa motocin Amurka giyarsu ba ta da kyau. An faɗaɗa maganar ne, amma wasu samfurori sun yi matsala da aka tabbatar. A Fabrairun 2019 Ford ya yi kiranyen F-150 kusan miliyan 1.48, ƙirar 2011 zuwa 2013, saboda giya na iya faɗawa lamba ɗaya ba zato mota na gudu. Nissan Frontier ta 2005 zuwa 2010 kuma lagiretonta kan tsage daga ciki, ruwan sanyaya inji ya gauraya da man giya. Wanda zai sayi ɗaya daga cikin waɗannan a tashar, ya sa a duba lambar jikin motar a shafin kamfanin a intanet a ga ko an yi mata gyaran kiranye, in Frontier ce a buɗe murfin lagireto a sanyaye a duba launin ruwan. Kowace iri ce kuma, kada ya yarda da zagaye ɗaya a cikin fili. Ya fita da ita kan titi har giyar ta yi zafi, ya tsaya, ya sa R, ya sa D, ya ji ko tana shiga nan da nan.