Rigar da ke kare wutar lantarki

Jama'ar Waca da sauran garuruwan Magariya da Dungas sun san cewa ba a cika rumbu sai an duba daɓensa. Haka ma'aikatan madatsun ruwa suke yi wa injunan da ke samar da lantarki.

Tun shekarar 1976 Yamai take samun wuta daga Nijeriya, inda madatsar Kainji da aka kammala a 1968 take bisa kogin Kwara. Jihar Damagaram kuwa, wutarta tana biyowa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Saboda haka lafiyar injunan maƙwabtanmu lafiyar asibitocinmu ce da famfunanmu.

A cikin kowane inji akwai naɗin sandunan tagulla, waɗanda aka lulluɓe da riga ta ma'adinin mika da ƙaro. Wannan riga ita ce ke hana wuta tsallakawa zuwa ƙarfen injin. Zafi da laima da ƙura mai maiƙo da girgiza su ne abokan gabarta. Masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 bisa ƙa'ida yana rage rabin kwananta. Idan ta huje, inji yakan ƙone, gyara kuma ya ɗauki watanni.

Don haka ake tsayar da inji a gwada shi. Da farko ana haɗa na'urar awo mai suna Megger, a tura volt 5,000 ko 10,000, a karanta ƙarfin rigar bayan minti 1, a sake bayan minti 10. Idan awo na biyu bai kai ninki biyu na na farko ba, to akwai laima ko dauɗa. Sai a share, a busar. Sabon naɗi kuwa, ana ɗora masa ninki biyu na ƙarfin aikinsa da ƙarin volt 1,000 har tsawon minti ɗaya: injin volt 11,000 zai jure 23,000 ke nan. Akwai kuma na'urorin da ke gano ƙananan tartsatsi a cikin rigar tun ɓarna ba ta bayyana ba.

Madatsar Kandaji da ake ginawa a jihar Tillaberi an tsara ta ba da megawat 130. Ranar da injunanta suka fara juyawa, ƴan ƙasa ne ya kamata su riƙe wannan awo. Wajibi ne a horar da su tun yanzu, domin rigakafi ya fi magani.